Doka, Zaɓe da Bindiga: Amsoshin Tambayoyin Mutanen Karkarar Kano da Jigawa Kan Ta'addanci

Tambayoyin nan irin waɗanda ke tasowa ne a majalisar bayan la'asar, a bakin kasuwar ƙauye da ƙofar fadar dagaci, duk sanda aka ji labarin hari ko aka ga motar jami'an tsaro ta shigo gari. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuwa mun daɗe a kansu, domin nan ne aka fi yin kuskuren da ke jawo asarar rai.

Wai mene ne mulkin doka? Ba dai a kama mai laifi a hukunta shi ba ne?

Wannan rabinsa ne. Ɗaya rabin, wanda ya fi wuya, shi ne dokar ta hau kan mai kamun shi ma. Ɗan sanda, alƙali, ciyaman, hakimi, kowa da iyakar da aka shata masa, in ya tsallake akwai inda za a kai shi. Ma'auninsa a ƙauye bai da wuya: talakan da ba shi da kowa a sakateriya, in ya yi rigimar gona da mai kuɗin garin, zai iya cin shari'a? In ya ci, za a ba shi gonar a hannu ko takarda kawai zai riƙe? Inda amsar ta zama a'a, akwai kotu, akwai caji ofis, amma babu mulkin doka.

Dimokuraɗiyya kuma ita ce hanyar da jama'a ke ɗora shugaba su kuma sauke shi ba tare da zub da jini ba. Abubuwa biyu ne daban, kuma ana iya samun zaɓe ba a samu doka ba. Akasarin abin da za mu faɗa a ƙasa daga wannan giɓin ya fito.

Ina ruwan rikicin gona da burtali da maganar ta'addanci? Mu nan ba mu da Boko Haram.

Mu ɗauki abin da kowa ya sani. Kaka ta yi, an yanke gero an jingine, wake bai gama bushewa ba, sai garke ya faɗa gona da dare. Da safe mai gona ya tarar da sawu da kashin shanu, an tumurmushe kunya talatin. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko: ya kira mai unguwa da shaidu biyu kafin rana ta yi sawu ya ɓace, a ɗauki hoto da waya, a sanar da dagaci da arɗon rugar da ake zargi. A kira malamin gona na ƙaramar hukuma ya auna wurin da aka ɓata, ya ƙiyasta abin da zai bayar da an girbe, dami nawa ko buhu nawa, da farashin kasuwar makon. A zauna gaban dagaci ko hakimi, a rubuta abin da aka daidaita a kai da ranar biya, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. In sulhu ya ƙi, takardar ƙiyasin ita za ta tsaya a kotu. Jigawa tana da hukumar sasanta manoma da makiyaya domin irin wannan, musamman saboda yankin fadamar Haɗeja, wato su Guri da Kirikasamma, inda noman rani da kiwo ke neman ruwa ɗaya.

Ta biyu ita ce wadda ke kai mu inda ba a so. Mai gona ya kai ƙara, aka kama yaron da aka fara gani da sanda, ko nasa ne garken ko ba nasa ba. Ubansa ya sayar da sa biyu ya karɓo shi, mai gona kuwa ko ƙwayar gero bai gani ba. Yanzu mutum biyu ne aka zalunta, kuma dukansu sun koyi darasi ɗaya: hukuma wurin asara ce. Baɗi mai gona zai kwana a gonarsa da kwari da baka, makiyayin kuma zai nemi abin da ya fi sanda. A ɓangare guda ga burtalin da aka nome, ga mashayar da aka killace aka yi lambu, ga makiyayar da aka keɓe tun zamanin dokar 1965 ta Jihar Arewa an yayyanka ta an raba wa masu hannu da shuni.

Haka Zamfara ta faro. Satar shanu da ba a hukunta ba, tara da cin hanci da suka cinye garken masu gaskiya, 'yan sa-kai suna yanka mutum a tsakar kasuwa bisa zargi, sai ramuwa ta zama sana'a. A Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Tsakanin ɓarnar gona da wannan hukunci babu wani tsalle mai nisa, matakai ne ƙanana da aka bari suka taru. Mutanen Shanono da Tsanyawa da ke iyaka da Katsina, da na Doguwa da Tudun Wada a gefen dajin Falgore, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Su kansu masu ɗaukar bindiga da sunan addini sun san wannan ƙofar. Tun bayan ɓallewarta daga Boko Haram a 2016, ƙungiyar ISWAP a tsibiran Tafkin Chadi tana yanke shari'ar masunta da makiyaya tana karɓar haraji. A Somaliya mutane kan bar kotun gwamnati su kai rigimar fili wurin al-Shabab. Ba don aƙidarsu ta burge kowa ba. Hukunci suke sayarwa mai sauri, wanda ba ya jiran toshiya kuma ana zartar da shi, ko da kuwa na zalunci ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai hujjar cewa zaluncin jami'ai na tura mutane, ko dai kare masu laifi ake yi?

Akwai, kuma ba daga nesa ba. A ƙarshen Yulin 2009 rikicin Boko Haram ya tashi daga Bauchi ya bazu Maiduguri da Potiskum, har aka kai hari ofishin 'yan sanda na Wudil. Sojoji sun kama shugaban ƙungiyar, Muhammad Yusuf, da ransa suka miƙa shi ga 'yan sanda, ranar 30 ga Yuli aka nuna gawarsa. An kashe surukinsa Baba Fugu, dattijo da ya kai kansa da ƙafarsa, daga baya kotu ta ba iyalinsa diyyar naira miliyan 100. Da an gurfanar da Yusuf, da ƙasa ta ji daga bakinsa wa ya ba shi kuɗi, wa ya sha tsaya masa ana sakinsa. A maimakon haka aka ba mabiyansa gawar da za su yi wa'azi da ita. A Satumban 2010 suka fasa gidan yarin Bauchi suka saki fursunoni sama da 700. Ranar 20 ga Janairun 2012 suka kashe aƙalla mutum 185 a birnin Kano cikin yini ɗaya. Sun taɓa Gwaram a 2014, sun tashi bam a Masallacin Juma'a na ƙofar fadar Kano ranar 28 ga Nuwamban shekarar, sannan a Dakasoye a 2015.

Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta tattauna da ɗaruruwan tsofaffin mayaƙa a Afirka, ciki har da Najeriya, ta fitar da sakamakon a 2017. Kashi 71 cikin 100 sun ce abin da ya ingiza su a ƙarshe wani aiki ne na gwamnati, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Talauci da jahilcin addini suna jiƙa ƙasa, amma sau da yawa wannan ne irin da ke tsirowa.

Wannan ba wanke kowa ba ne. Wanda ya sa bam a masallaci shi ya sa, kuma dubban mutanen da aka zalunta ba su taɓa ɗaukar makami ba. Magana ce ta lissafi: wane aiki ne ke ƙara wa maƙiyi mayaƙa, wane ne ke rage masa.

In an kama ɗan ta'adda hannu dumu-dumu, me ya sa ba za a gama da shi a wurin ba? Kotu sakinsu take yi.

A fagen fama, wanda ke harbi ana harbinsa, doka ba ta hana ba. Maganar a kan wanda ya riga ya shiga hannu ce.

Matacce ba ya faɗin wanda ke kai masa fetur da burodi, ko dillalin da ke sayar masa da shanun sata, ko wanda ke karɓar kuɗin fansa a gari. Sannan in mayaƙa suka tabbata duk wanda aka kama mutuwa zai yi, babu mai ajiye makami, kowa zai yi faɗa har harsashi na ƙarshe. Na uku, "hannu dumu-dumu" kalma ce mai arha. A ƙauye, mai bin bashi, abokin takarar sarauta, wanda aka hana aure, kowanne yana iya raɗa wa jami'i cewa wane infoma ne. Ranar da aka halatta kisa bisa raɗa, babu gidan da ya tsira.

Batun saki kuwa, a duba dalilinsa. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Kainji a Oktoban 2017, mutum sama da 1,600 ne ke tsare a can, wasu sun shekara uku zuwa huɗu, kuma an sallami ɗaruruwa saboda babu hujja. Kame ne na shara: a zagaye unguwa a kwashe duk namiji, ba a rubuta wa aka kama a ina, da me a hannunsa, wane jami'i ya gani. In an zo kotu babu shaida, babu kayan da aka kama shi da su, sai takardar amsa laifi da aka samo da duka, wadda Dokar Shaida ta 2011 ta ce ba a karɓa. A irin wannan kame ne mai laifi na gaskiya ke sulalewa cikin marasa laifi. Laifin ba na alƙali ba ne, na binciken da ba a yi ba ne. Tsare mutane barkatai kuma yana da wani haɗarin: yaron da aka kama a banza ya shekara biyu ɗaki ɗaya da malamin ƙungiya, makaranta aka kai shi. Abubakar al-Baghdadi, wanda daga baya ya shugabanci ƙungiyar ISIS, ma ya zauna a sansanin Bucca na sojojin Amurka a Iraƙi a 2004, inda da yawa daga jagororin ƙungiyarsa suka san juna.

An zo da dare an tafi da ƙanena, an ce ana zarginsa da kai wa 'yan bindiga kaya. Me za mu yi?

Kafin gari ya waye a rubuta komai: ƙarfe nawa, mutum nawa, wane irin kaki, lambar mota in an gani, me suka ɗauka, su wa suka shaida. Bayan sati biyu kowa zai tuna abin daban, takardar daren farko ita ce abin dogaro. Da safe babban gida ya je wurin mai unguwa su wuce wajen dagaci, a nemi wakilinsa ya raka ku caji ofis. Kalma ɗaya daga wakilin dagaci, "Ranka ya daɗe, yaron nan ɗanmu ne, mun zo mu san inda yake," tana sanar da jami'i cewa akwai masu bibiya. Wanda aka san ana nemansa ba ya saurin ɓacewa. A tambayi sunan mai binciken, a kuma tabbatar an shigar da sunan yaron a littafin ofis.

Ga abin da doka ta ba shi. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Sai dai kada a ruɗe ku: zargin da hukuncinsa kisa ne ba ya cin wannan sassaucin gaba ɗaya, kuma Dokar Hana Ta'addanci ta 2022 ta yarda a tsare mutum har kwana 60, a kuma sabunta. Amma da izinin kotu, ba da ganin damar jami'i ba. Don haka tambayar da lauya zai yi ita ce: ina takardar umarnin kotu, yaushe aka bayar, yaushe za ta ƙare? Shari'ar ta'addanci kuma ta Babbar Kotun Tarayya ce, majistare ko alƙalin kotun shari'a na gari ba shi da hurumin yanke ta.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Ba a tsare uwa ko mata don a tilasta wa wanda ya gudu ya fito. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar. In kun ga tabo a jikinsa, ku rubuta ranar, a faɗa wa alƙali a zaman farko, a nemi likita ya duba. Kada ya dangwala a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba. Belin 'yan sanda kyauta ne a doka, kuma mace tana iya tsayawa.

In kwanaki sun wuce ba kotu ba bayani, sashe na 46 ya ba ku damar shigar da ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun yarda ɗan'uwa ya shigar a madadin wanda ke tsare. Kotu tana iya cewa a kawo shi gabanta, a sake shi, har a biya diyya. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, a Kano ko a Dutse.

Kurakurai biyu ne suka fi cin mutane. Ɗaya, ɗan tsakiya mai cewa ya san oga: a sayar da gona a ba shi, kuɗi su tafi, yaro na nan, kuma yanzu an san gidanku na tatsuwa. Ɗaya kuma, tara matasa a nufi caji ofis da hayaniya. Ƙarshensa a kama goma a kan ɗaya.

In kuwa kun san a ranku yaron yana da hannu, ɓoye shi ba gata ba ne. Dokar 2022 ta mai da ɓoye bayani da ba da mafaka laifi mai zaman kansa. Gara a miƙa shi ta hannun lauya da hakimi, a rubuce, da shaidu.

Soja ba su fi iya wannan ba? Ga maƙwabtanmu sun kori farar hula.

Mai zuwa kasuwar Maigatari yana jin wannan magana kullum. To a duba sakamako. Sojoji sun karɓi Mali a 2020 da 2021, Burkina Faso sau biyu a 2022, Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, kuma kowanne da matsalar tsaro ya kafa hujja. Ma'aunin ta'addanci na duniya na 2024 da na 2025 duka sun sa Burkina Faso a matsayi na ɗaya, kuma fiye da rabin waɗanda ta'addanci ya kashe a duniya a 2024 a yankin Sahel suke. A Satumban 2024 an kai hari har filin jirgin saman Bamako.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Hafsan da ya zama minista ya bar fagen daga. Mai mulki da juyin mulki yana tsoron wani juyin, don haka zaratan dakarunsa fada suke gadi. In aka rufe bakin 'yan jarida da majalisa, babu mai faɗin cewa barikin kaza babu harsashi, ko an kashe farar hula a ƙauye kaza, sai ɓarna ta ruɓe a rufe.

Tarihinmu ma ya isa. Rikicin Maitatsine ya kashe mutum sama da 4,000 a Kano a Disamban 1980 ƙarƙashin farar hula, amma na Jimeta a 1984 da na Gombe a 1985 ƙarƙashin soja aka yi su. Kaki bai hana ba.

To ai a zamanin dimokuraɗiyya Boko Haram ta girma. Ina amfanin zaɓen?

Gaskiya ne, kuma ba za mu kauce mata ba. Zaɓe shi kaɗai ba riga-kafi ba ne. Masu nazarin wannan fanni sun daɗe da lura cewa ƙasashen da suka fi shan wahala su ne na tsaka-tsaki: an buɗe fagen siyasa, amma kotu da 'yan sanda na aljihun mai mulki ne. A irin wannan yanayi zaɓe kansa yana haifar da makami. Ɗan takara ya tara 'yan daba, ya ba su ƙwaya da adda da alkawari, ya ci ya watsar da su. Yaron da ya koyi cewa sara na kawo kuɗi, kuma waya ɗaya daga Alhaji na fitar da shi daga caji ofis, ya riga ya yi karatun share fage. Kuɗin makamai ma ba su tsira ba, kowa ya ji shari'ar dala biliyan 2.1 da aka ce an karkatar a lokacin da sojoji ke kukan rashin kayan aiki.

Abin da dimokuraɗiyya ke da shi wanda wani tsari ba shi da shi, hanyar gyara ce. A 2015 rashin tsaro na cikin manyan dalilan da suka sa aka kayar da shugaba mai ci, karon farko a tarihin ƙasar. Da jirgin soja marar matuƙi ya kashe masu Mauludi sama da 80 a Tudun Biri a Disamban 2023, surutun jama'a da jaridu ya sa rundunar ta amsa cikin kwanaki. Amsawa ba hukunci ba ce, amma inda babu bakin magana ko ita ba a samu. Rufe ƙofar zaɓe kuwa an ga ƙarshensa a Aljeriya: sojoji suka soke zaɓen da jam'iyyar masu kishin Musulunci ke kan hanyar ci a Janairun 1992, aka yi yaƙin basasar da ya ci rai sama da 100,000.

Ciyaman da kansila kuma fa? Ai tsaro na Abuja ne.

'Yan sanda da soja na Tarayya ne, amma abubuwan da ke zama rikici na ƙaramar hukuma ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da shaidar mallakar gona a karkara har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Wato alƙalamin da ke yanka burtali sau da yawa a sakateriya yake. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, kuma naɗa kantoma a maimakon zaɓaɓɓe ya saɓa wa tsarin mulki. Aiwatarwa dai tana jan ƙafa.

Abin da mazaɓa za ta iya nema ƙayyadadde ne: a sake shata burtali da turakun siminti kafin damina, a kira zaman manoma da arɗaɗɗai kafin kaka ba bayan an yi gawa ba, a sanar da ranar sakin gonaki ga dabbobi a masallatai da kasuwanni. A kai buƙata a rubuce, kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan naku. Koke na baki da ciyaman ya amsa da "za a duba" ba ya barin sawu.

Mu kafa 'yan sintiri mu kare kanmu, laifi ne?

Gadin gari ba laifi ba ne, kuma a ƙauyen da caji ofis ke da nisan awa guda a babur, dole ne. Kowa kuma yana da ikon kama wanda ya gani yana aikata babban laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba da ɓata lokaci ba. Inda ake zamewa shi ne daga kamu zuwa hukunci.

Ƙungiyar da za ta daɗe ba ta zama annoba ba tana da rajistar suna da hoto a wurin dagaci da DPO, kowane mutum da mai tsaya masa. Ba ta da ɗakin tsarewa, ba ta duka don a amsa laifi, ba ta cin tara, ba ta taɓa dabbar wanda ake zargi. Tana da littafin da ake rubuta wa aka kama, ƙarfe nawa, wa aka miƙa wa. Kuɗinta daga gudummawar da ake karantawa a bainar jama'a suke fitowa, ba daga aljihun ɗan siyasa ɗaya ba. Sharaɗin da aka fi tsallakewa kuma shi ne mafi muhimmanci: a sa mutanen ruga a ciki. Ranar da sintiri ya zama na Hausawa zalla yana farautar Fulani zalla, an daina gadi an fara yaƙi, kuma ɓarayin daji sun samu abin da za su ce wa kowane matashin ruga: ka gani, ba ka da kowa sai mu.

Tubabbun da gwamnati ke saki, ba cin amanar waɗanda aka kashe ba ne?

Zafin da ke cikin tambayar halal ne. Shirin da aka fara a 2016, mai sansani a Malam Sidi ta Jihar Gombe, an tsara shi ne don waɗanda aka tantance ba su da babban hannu, da yawansu ma sato su aka yi suna yara. Buɗe ƙofar fita dabara ce ta yaƙi, tana rage mayaƙa ba tare da harsashi ba. Inda take ɓaci shi ne in tantancewar ta zama a ɓoye, in ba a tambayi garin da za a mai da mutum ba, in tubabbe ya fito da keken ɗinki da jari alhali matar da ya mayar bazawara tana sansanin gudun hijira. Haka sulhun da aka sha yi da 'yan bindiga a Zamfara da Katsina ya riƙa rushewa: ba a karɓi makamai da gaske ba, ba a hukunta kowa ba, ba a biya wanda aka cuta ba. Afuwar da doka ta tsara, da sharuɗɗa a rubuce da mai bibiya, daban take da cinikin da ake ƙullawa a daji.

In na ga baƙin fuska ko ana kai buhunan abinci daji, wa zan faɗa wa ba tare da sunana ya fita ba?

Tsoron na da tushe, mutane sun rasa rai saboda magana ta zagayo. Kada a faɗa a majalisa, kada a sa a zauren WhatsApp na gari, don ba ka san wa ke ciki ba. A zaɓi mutum ɗaya: hakimi da kansa, ko DPO da kansa ba ɗan sandan da ke zaune a kanta ba, ko jami'in DSS na ƙaramar hukuma. In kana shakkar na kusa, ka tsallake zuwa hedikwatar jiha. Ka faɗi abin da idonka ya gani kawai, babura nawa, wace rana, wace hanya, jarka nawa, ka ware shi daga abin da ka ji a bakin wani. Kada ka ambaci sunan mutum sai ka gan shi da kanka, domin sunan da ka faɗa bisa zato yana iya kwana a ɗakin da ba a fitowa. Ka roƙi kada a rubuta sunanka a takardar da za ta zaga ofis. In magana ta kai kotu, Dokar 2022 ta ba alƙali ikon ɓoye sunan mai shaida da fuskarsa, har a saurare shi a keɓe, amma sai an nema. Ka gaya wa mai gabatar da ƙara tun kafin ranar zama, ba bayan an kira sunanka a zauren kotu ba.